Ramewar Yara Naƙasassu: Ina Matsayinsu Cikin Shirin Yaƙi da Tamowa a Kaduna?

A unguwannin Kaduna ta Arewa, kama daga Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa har zuwa Badarawa da Unguwar Shanu, akwai wani kuka da iyaye mata ke yi a cikin gida wanda bai cika fitowa fili ba. Kukan kuwa shi ne na uwar da Allah ya ba ta yaro naƙasasshe, ta dage tana ɗawainiya da shi dare da rana, amma ta wayi gari ta ga rigar da ta matse shi bara ta koma tana yi masa yawa bana, haƙarƙarinsa sun fito har ana iya ƙirgawa, goyonsa kuma sai ƙara sauƙi yake yi a bayanta maimakon ya ƙara nauyi. In ta yi magana, amsar da takan samu daga dangi da maƙwabta, wani lokaci ma har daga bakin wanda ta kai wa yaron don neman magani, ita ce ta yi haƙuri, ai haka irin waɗannan yara suke.

Wannan amsa ta kamata a tsaya a bincika ta da kyau, domin ilmin likitanci bai goyi bayanta ba. Gaskiya ne yaron da ke da naƙasa mai tsanani yakan fi sa'o'insa ƙanƙanta, amma ƙanƙanta daban, ramewa daban. Yaron da nauyinsa ke raguwa, ko ya tsaya cik wata da watanni, yaro ne da wani abu ke damunsa, kuma sau da yawa abin yana da magani in an gano shi da wuri. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Uwar da ta ce ɗanta na ramewa ta kawo rahoton da ya cancanci a ɗora yaron a kan sikeli nan take, a kuma nemi dalili.

Matsalar ba ta Kaduna ce kaɗai ba. A wani rahoto da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya fitar a 2021, an ƙiyasta cewa akwai yara naƙasassu kusan miliyan 240 a duniya, kuma hatsarin tsumburewa a wurinsu ya zarce na sauran yara da kashi 34 cikin 100, na ramewa kuwa da kashi 25 cikin 100. A nan gida, binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wanda aka yi a 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya hau zuwa kashi 40, kuma jihohin Arewa maso Yamma su ne suka fi jin jiki. To, in yaro mai cikakkiyar lafiya, wanda zai iya rarrafawa ya kai hannu cikin kwanon tuwo da kansa, yana cikin wannan hali, ina ga wanda ba ya iya riƙe cokali, ba ya kuma iya cewa yana jin yunwa?

Dalilan Ramewar

Naƙasa iri-iri ce, kuma ba kowace ce ke taɓa cin abinci ba. Makaho ko kurma, in ba a yi sakaci da shi ba, yana ci kamar kowa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai, har gaɓoɓinsu suka sanƙare ko suka saki, suka kasa riƙe wuya, ko zama, ko tafiya a kan lokaci. Da yake jama'a sun saba danganta kowace irin shanyewa da shan inna, ya kamata a tuna cewa tun ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan inna daga Nijeriya da nahiyar Afirka. Abubuwan da ke raunana ƙwaƙwalwar jarirai a ƙasar nan sanannu ne: doguwar naƙuda wadda ke sa jariri ya rasa isasshen numfashi ya kasa yin kuka da aka haife shi, da shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Raunin da ya hana ƙafa takawa shi ne yakan hana leɓe da harshe da maƙogwaro yin aikinsu. Haɗiya aiki ce da ke buƙatar tsokoki masu yawa su motsa bi da bi cikin ƙiftawar ido, a rufe hanyar numfashi, a buɗe ta abinci. In wannan tsari ya rikice, sai a ga abinci yana zubowa ta gefen baki, yaro yana ƙwarewa, yana tari, idanunsa na kawo ruwa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1988 ya gano cewa irin waɗannan yara sukan ɗauki lokacin da ya ninka na sauran yara sau 2 zuwa sau 12 kafin su haɗiye abinci mai laushi, in kuwa mai tauri ne har sau 15. Ma'anar wannan a tsakar gida ita ce, kofin kunun da yaro mai lafiya zai shanye cikin minti biyar, uwar naƙasasshe tana iya shafe sa'a guda tana fama da shi, ƙarshe ita ta gaji, yaron ya gaji, rabin kunun kuma yana kan zaninta.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan. Abin da ya kauce hanya ya faɗa huhu shi ke haddasa ciwon huhu mai yawan dawowa, kowane kwanciya ciwo kuma sai ta zabtare ɗan naman da yaron ya tara. A nan ne ya wajaba a yi maganar ɗura, watau al'adar nan ta kwantar da yaro a cinya, a tara koko a tafin hannu a bakinsa, a toshe masa hanci don ya haɗiye dole. Uwar da ke yin haka tausayi ne ya sa ta, ganin yaron ya ƙi ci. Amma ga yaron da maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar numfashi yadda ya kamata, ɗura hanya ce ta tura koko kai tsaye cikin huhu. Shi kansa kokon, in ya tsinke, aibinsa biyu ne: ruwa-ruwan abu shi ya fi saurin ƙware mai wahalar haɗiya, sa'an nan yana cika ciki ba tare da ya ba jiki ƙarfin kirki ba.

Ban da haɗiya, akwai yawan tumbuɗi da amai bayan cin abinci, da taurin bayan gida wanda ke kashe sha'awar abinci, da ruɓewar haƙori wadda yaron da ba ya magana ba zai iya faɗa ba sai dai ya riƙa kau da kai in an kawo cokali. Yawancin waɗannan yara kuma suna fama da farfaɗiya, kuma wasu daga cikin magungunanta na sa barci mai nauyi, wasu na kumbura dasashi, abin da likita zai iya gyarawa ta hanyar daidaita maganin, amma iyaye ba su da ikon dakatar da shi da kansu. Daga ƙarshe, kada a manta cewa naƙasa ba ta kare yaro daga sauran cututtuka. Tarin fuka, da tsutsar ciki, da amosanin jini, da ciwon suga, da ƙanjamau, duk suna ramar da yaro, kuma babban kuskure shi ne a ga naƙasar a rufe bincike a kanta.

Inda Shirye-shiryen Suka Tsallake Su

Ba za a ce Jihar Kaduna ta yi barci a kan tamowa ba. A 2017 ta ƙaddamar da shirin gaggawa na inganta abincin yara, wanda aka fi sani da KADENAP, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Ummi El-Rufa'i, matar Gwamnan wancan lokaci. Tana kuma cikin jihohi 12 da suka shiga shirin ANRiN wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018. An buɗe cibiyoyin kula da masu tamowa a ƙananan asibitoci, inda ake auna damtsen yaro da tef mai launi uku, in awon ya gaza santimita 11.5 a san tamowar ta yi tsanani, a ba uwa ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari ta je gida ta riƙa ba shi. Wannan hanya, wadda ta yi suna tun lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da ita wajen ceton dubban yara a Maraɗi cikin yunwar 2005, ta tsirar da rayuka masu yawa, babu mai musun haka.

Sai dai an gina tsarin ne bisa siffar yaro mai lafiyar gaɓoɓi wanda abinci kawai ya rasa, saboda haka naƙasasshe yakan zurare ta ƙofofi uku. Ƙofa ta farko ita ce ta shekaru. Shirin na yara ne 'yan wata 6 zuwa wata 59. Yaro mai lafiya in ya wuce shekara biyar ya fita daga babban hatsari, amma wanda ba ya iya haɗiya yana nan cikin hatsarin yana ɗan shekara bakwai ko goma, kuma a wannan lokaci ne ya yi wa uwarsa nauyin goyo zuwa asibiti. Awon nauyi ma yakan tsaya tun kafin nan, domin yawancin iyaye allurar rigakafi ce ke kai su wurin awo, ita kuwa tana ƙarewa tun yaro bai cika shekara biyu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta awo da magani. Yaron da ƙafafunsa suka ƙage ba ya miƙuwa a kan allon awon tsawo, ba ya kuma iya tsayawa a kan sikeli, sai ma'aikacin da layi ya yi masa yawa ya tsallake shi. In ma an karɓe shi, abincin gyaɗan nan yana da kauri da danƙo, yaro mai raunin harshe yana iya kasa sarrafa shi. Ƙa'ida ita ce wanda ya kasa ci a wurin gwaji a tura shi babban asibiti a kwantar da shi a ba shi madara ta musamman. Ana yin haka, yakan kuma farfaɗo, amma in aka sallame shi ba tare da an koya wa uwarsa yadda za ta ciyar da shi ba, ya koma gidan jiya ke nan. Binciken da aka yi a babban asibitin Blantyre ta ƙasar Malawi, aka buga a 2014, ya bi sawun yaran da aka yi wa maganin tamowa bayan an sallame su, ya kuma samu cewa naƙasa tana cikin manyan abubuwan da ke ƙara hatsarin mutuwarsu.

Ƙofa ta uku ita ce ta makaranta. Lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairu na 2016, abincin ya isa ga yaron da ke cikin aji ne kawai. Wanda ke kwance a ɗaki bai samu ko loma ba, alhali shi ya fi kowa buƙata. Wasu ma ba a san da su ba, domin har yanzu akwai gidajen da ake kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, ana ɓoye shi daga idon baƙi, ana ɗora wa uwarsa laifi, wani lokaci har abin ya kai ga mutuwar aure.

Ta fuskar doka kuwa, an yi abin da ya kamata a kan takarda. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin tabbatar musu da kiwon lafiya ba tare da wariya ba, aka kuma kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021. Amma hankalin masu aiwatarwa ya fi karkata ga manya, watau ga kekunan guragu da guraben aiki da hanyar shiga gine-gine. Waɗannan duk haƙƙi ne, sai dai yaron da tamowa ta kashe yana ɗan shekara shida ba zai kai ga cin moriyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tsadar Rayuwa

Halin da tattalin arziki ya shiga ya ƙara wa Borno dawaki. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa ga alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Abubuwan da suka fara ɓacewa daga tukunyar talaka su ne ƙwai da madara da kifi da mai, watau ainihin abin da yaron da ba ya iya cin da yawa yake buƙata domin ɗan abin da ya haɗiye ya amfane shi. Ga kuɗin maganin farfaɗiya na kowane wata, ga na Keke Napep zuwa wurin gashin ƙashi, ga uwa kuma ba ta da sararin yin sana'a saboda reno ya cinye yininta. A 2025 kuma Amurka da wasu ƙasashe masu ba da agaji suka rage tallafinsu, har ƙungiyar MSF ta ba da sanarwar mutuwar yara 652 masu tamowa a cibiyoyinta na maƙwabciya Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Duk lokacin da kayan agaji suka yi ƙaranci, wanda jinyarsa ta fi wuya shi ake fara barin baya.

Abin da ya faru a ƙasar Gana ya isa darasi a nan. An kafa ƙungiyoyin iyaye masu irin waɗannan yara, ana tara su wata-wata ana koya musu zaunar da yaro da ciyar da shi. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna iyayen sun samu kwanciyar hankali, sun kuma gyara yadda suke ciyarwa, amma tamowar ba ta ragu ba, saboda ilmin ya samu, abincin kuwa bai samu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: koyarwa da tallafin abinci dole su tafi tare.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mataki na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma a ƙasar nan aka ƙirƙiro shi. A garin Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa ne likita David Morley ya fito da katin awon nauyin yara a ƙarshen shekarun 1950, katin da daga baya duniya ta ɗauka. Hikimar katin ita ce a dubi inda layin yaro ya dosa: in yana hawa, lafiya, in ya miƙe, gargaɗi ne, in ya yi ƙasa, hatsari ne. Wannan ƙa'ida ta dace da naƙasasshe ƙwarai, domin ba ta gwada shi da ɗan maƙwabci, da nauyinsa na watan jiya take gwada shi. Yaron da ba ya tsayuwa kuwa, a auna uwa tana riƙe da shi, a sake auna ta ita kaɗai, a ɗebe. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, an kuma yi aikin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Umurni ɗaya daga Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ya isa ya sa kowane ɗayansu ya buɗe rajistar yara naƙasassu, ya riƙa auna su wata-wata ba tare da duba shekaru ba.

Na biyu, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci tambayoyi huɗu da masana suka daɗe da amincewa da su: Shin ciyar da yaron na wuce minti 30? Shin lokacin cin abinci ya zama na kuka da tashin hankali? Shin nauyinsa ya tsaya wata biyu ko uku? Shin yana tari, ko ƙwarewa, ko muryarsa na gurgura in ya haɗiye? Amsar i ko da ɗaya ce ta isa dalilin tura shi gaba. A koya musu kuma abin da za su nuna wa uwa: a zaunar da yaro a miƙe, a tallafe kansa haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali sau biyar ko shida a yini, a bar ɗura, a kaurara kunu da gyaɗa da waken suya da ɗan mai, a dama dankali ko kabewa ko ayaba da ƙwai, a kuma bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama.

Na uku, a samar da wurin da za a tura su. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan likita na farko daga Arewacin Nijeriya, shi ne ya fi dacewa ya keɓe rana guda a mako inda likitan yara da masanin abinci da mai gashin ƙashi za su zauna wuri ɗaya su duba yaro, maimakon uwa ta riƙa yawo da goyo daga wannan ofis zuwa wancan, ko ta kama hanyar Shika. Babban Asibitin Kawo da na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada za su iya bin sahu. A irin wannan zama ne za a tantance ƙalilan ɗin da haɗiya ta gagare su sam, waɗanda sai an sa musu robar abinci ta hanci ko ta ciki. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Kaduna da na makarantun jinya su ma a nan za su koyi darasin da littafi kaɗai ba ya koyarwa.

Na huɗu, hukumar inshorar lafiya ta jiha, watau KADCHMA, ta sa waɗannan yara a sahun farko na marasa galihu da gwamnati ke biya wa, Hukumar Kula da Naƙasassu kuma ta haɗa rajistarta da ta Ma'aikatar Lafiya, domin tallafin abinci ko na kuɗi ya isa gidan da ya fi buƙata. Masu unguwanni da limamai da malaman coci kuma suna da rawar takawa wajen kashe camfin ɗan ruwa, da tunatar da maza cewa ciyar da irin wannan yaro aiki ne da ya fi ƙarfin mace ɗaya.

Su kuma iyaye, akwai alamun da ba a kwana da su a gida: kumburin ƙafafu biyu, ƙin cin abinci gaba ɗaya, numfashi da sauri ko da ƙyar, gudawa ko amai da suka ƙi tsayawa, da yawan barci ko kasala fiye da yadda aka saba. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya garzaya asibiti.

Ba kowace naƙasa ce ake warkarwa ba, iyayen ma sun san haka, sun kuma rungumi ƙaddara. Amma yunwa tana da magani, kuma haƙƙin yaron da ba ya iya tafiya a kan abinci daidai yake da na wanda ke guje-guje a filin Murtala. Ya rage ga Gwamnatin Sanata Uba Sani da ma'aikatanta su tabbatar cewa duk uwar da ta shiga ƙaramin asibiti a Kawo ko Malali ta ce ɗanta na ramewa, za a auna shi, a rubuta, a nemi dalili, a kuma sa mata ranar dawowa.